Hotunan jami'an Nazi masu sa hannu: in saya ko in bar wa mai su?

Mai Kwasar Kaya:

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san harkar tsofaffin takardu a nan Jamus, da waɗanda suka san doka. Akwai laifi mutum ya sayi hotunan manyan jami'an jam'iyyar Nazi masu ɗauke da sa hannunsu, ya ajiye a matsayin kayan tarihi? Kuma ta yaya ake bambanta na gaske da na jabu?

Aikina kwashe kaya ne daga gidajen tsofaffi. Idan mutum ya rasu, ko an mai da shi gidan kula da tsofaffi, sai magada su kira kamfaninmu mu share gidan tas. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abin da ake tararwa a ɗakin ƙasa da cikin rufi: lambobin yabo na soja, takardun shaidar aiki, kundayen da ake liƙa hotunan da kamfanonin sigari suka riƙa rabawa a shekarun 1930. Yawancin magada ko kallo ba sa son yi. Sai su ce mana mu kwashe kawai, kada ma mu nuna musu.

Wani abokin aikina yana baza kolinsa a kasuwar tsofaffin kaya ranar Lahadi, shi ne ya nuna mini hotuna uku, ya ce in ba shi Yuro 900 in kwashe duka. Na farko na Joseph Goebbels ne, ministan farfagandar Hitila, girman katin gidan waya, baƙi da fari, an ɗauke shi ta gefe, a ƙasa an rubuta "Dr. Goebbels" da baƙi, a bayan katin kuma akwai sunan Hoffmann na Munich. Na biyu na Baldur von Schirach ne, shugaban ƙungiyar matasan Hitila, cikin kakin jam'iyya, a damtsensa akwai ƙyallen nan mai alamar suwastika, amma mai sayarwar ya liƙa 'yar farar takarda zagayayya ya rufe ta. Shi wannan da shuɗiyar tawada aka sa masa hannu, da layi biyu na rubutu irin na Jamusawan da, wanda ko harafi ɗaya na kasa fitarwa. Na uku Albert Speer ne, ministan makaman Hitila, da furfurarsa, cikin kwat, an sa hannu da biro.

Kada wani ya yi mini mummunar fahimta. Ni baƙar fata ne, na san abin da mutanen nan za su yi da ni da sun same ni a zamaninsu. Son tarihi ne kawai ya kama ni tun da na je Nuremberg na tsaya a ɗakin shari'a mai lamba 600, inda aka gurfanar da shugabannin Nazi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ke jan hankalina shi ne a ce ga takardar da hannun mutumin ya taɓa, ga ta a hannuna. Uwargida dai ta riga ta yanke nata hukuncin, ta ce ba a gidanta ba. Ina jiran shawararku.

Baba Mai Tsofaffin Littattafai:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na tsufa a shagon tsofaffin littattafai da takardu, don haka bari in ɗauki ɓangaren jabu, doka kuwa masu ita su yi magana.

Ka fara da sanin cewa yawancin irin waɗannan katuna ba a taɓa sa musu hannu ba. Heinrich Hoffmann, mai ɗaukar hoton Hitila, kamfani guda ya kafa a kan wannan sana'a, yana buga hotunan shugabannin jam'iyya ana sayarwa kamar yadda ake sayar da kowane kati. Da yawa daga cikinsu da sa hannun aka buga su, wato sa hannun yana cikin hoton ne tun daga wurin wankewa. Waɗanda suka rubuta wa ofisoshin manyan suna roƙon hoto kuma, wani lokaci hatimi ake danna musu, wani lokaci sakatare ya sa hannu a madadin mai gida. Duk waɗannan tsofaffi ne, na zamanin ne, amma hannun mutumin bai taɓa su ba.

Ka karɓi katin Goebbels ka je bakin taga, ka karkata shi ga haske. Tawadar gaske tana zama a saman sheƙin hoton, launinta da ƙyallinta daban da na hoton. Wadda aka buga tana ƙarƙashin sheƙin, sumul, ba za ka ga inda ta fara ba. Sai ka sa gilashin ƙara girma. Bakin alƙalami yana barin 'yar kwari a takarda, tawada tana yin kauri inda aka danna, ta yi siriri inda hannu ya yi sauri, kuma inda layi ya hau kan layi za ka ga wanda ya riga. Hatimi kuwa tawadarsa takan taru a gefen haruffa ta bar tsakiya fayau. Hanya mafi sauƙi ma, ka nemi irin katin a intanet. In ka ga wani mai sa hannu iri ɗaya sak, a wuri ɗaya, da karkata ɗaya, magana ta ƙare, domin babu ɗan Adam da ke sa hannu sau biyu ba bambanci.

Sai takardar kanta. Ka samu fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, ka haska bayan hoton a ɗaki mai duhu. Tun wajen shekarun 1950 masana'antu suka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, kuma wannan sinadari yana walƙiya a ƙarƙashin fitilar. In ta yi walƙiya, bayan yaƙi aka yi ta. In ba ta yi ba kuma kada ka yi murna, domin ƙwararren ɗan jabu ba sabuwar takarda yake nema ba. Tsohon kati na gaske yake saya da 'yan kuɗi kaɗan, ya zauna ya ɗora masa sa hannu, farashi ya ninka sau goma ko fiye. Wannan shi ne jabun da ya fi yawa a kasuwa, kuma shi ya fi wuyar kamawa. Biro ma alama ce: bai shiga hannun jama'a a Jamus ba sai bayan yaƙi, saboda haka duk wanda ya nuna maka sa hannun Goebbels da biro ya raina maka wayo, mutumin ya kashe kansa tun 1 ga Mayun 1945.

Na Speer dabam ne. Ɗaurin shekara 20 aka yanke masa, ya yi mafi yawansa a kurkukun Spandau, ya fito a 1966 rana ɗaya da Schirach, ya rayu har 1981 yana rubuce-rubuce da hira da 'yan jarida, kuma ba ya ƙyashin sa hannu ga wanda ya aiko masa. Mai yiwuwa naka na gaske ne, amma irinsa sun yi yawa, bai kai kuɗin da aka faɗa maka ba ko kusa.

Idan mai kayan ya fito maka da takardar shaida wai wani masani ya tabbatar, ka tuna da Konrad Kujau. Mutumin nan a Stuttgart yake sayar da kayan Nazi da yake shigowa da su daga Jamus ta Gabas, kuma da takardun shaida na ƙarya ya fara, domin ya ga suna ɗaga farashi. Daga nan ya zarce har ya rubuta littattafai kimanin 60 ya ce kundin sirrin Hitila ne, yana zuba musu ruwan shayi don su yi kama da tsofaffi. Mujallar Stern ta biya Mak miliyan 9.3, kuɗin Jamus na lokacin, ta yi shela a watan Afrilun 1983. Abin dariyar, masanan rubutun hannu da aka kai wa sun ce rubutun ya dace, domin wasu daga cikin samfuran da aka ba su don kwatantawa shi Kujau ɗin ne ya rubuta su tun da farko. Sai da ma'adanar takardu ta tarayya da masu binciken kimiyya suka duba takarda da zare da tawada, cikin 'yan makonni asiri ya tonu. Ko haruffan da ya liƙa a bango ma FH ne maimakon AH, wato farkon sunan Adolf Hitila. In aka iya yi wa babbar mujalla mai lauyoyi da masana haka, to ka auna kanka a kasuwar Lahadi.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ka ce ya bar maka su kwana ɗaya ka duba, in ya ƙi ka san amsa.

Maman Ikram:

Sannu Malam. Ni ba lauya ba ce, tafinta ce a kotu, amma irin waɗannan ƙararraki suna wucewa ta gabana.

Ajiye abin a gida, a cikin durowa, ba laifi ba ne a Jamus. Saye ma haka. Inda ake shiga uku shi ne sashe na 86a na kundin hukunta laifuffuka, wanda ya hana yaɗa alamomin ƙungiyoyin da aka haramta ko nuna su a bainar jama'a, har da tanadinsu ko shigo da su ko fitar da su da nufin yaɗawa. Hukuncin tara ne ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3. Shi ya sa abokin aikinka ya liƙa 'yar takardar nan a kan suwastika. Kuma ba suwastika kaɗai ba ce alama: haruffan SS, wato dakarun musamman na jam'iyyar, da gaisuwar ɗaga hannu suna ciki, kotuna ma sun sha ɗaukar hoton fuskar Hitila shi kansa a matsayin alama. Dokar ta yi togiya ga koyarwa da bincike da fasaha da ba da labarin tarihi, amma alƙali ne zai duba ya ce abin da ka yi ya shiga togiyar ko bai shiga ba. Rubuta "don tarihi kawai" a ƙasan hoto ba laya ba ce.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne waya. Mutum ya sayi abu yana ɗoki, ya ɗauka ya ɗora a Facebook ko ya jefa a babban zauren WhatsApp, to ya fitar da shi daga durowa ke nan. Haka rataye shi a bango inda na kan titi zai hango ta taga. In kuma kana shirin neman takardar zama ɗan ƙasa, ka sani tun gyaran dokar da aka yi a 2024 sai mai nema ya amince da alhakin tarihi da ke kan Jamus game da mulkin Nazi, musamman kare rayuwar Yahudawa, kuma hukunci a kan laifin ƙin jinin Yahudawa ko wariyar launin fata yana iya rushe neman gaba ɗaya, komai ƙanƙantar tarar.

Kada kuma ka zuba su a jaka ka tsallaka iyaka kana zaton duk Turai ɗaya ce. Ostiriya tana da dokar haramci ta 1947 da dokar alamomi ta 1960, sun fi na nan tsanani. Faransa ta hana baje irin waɗannan alamomi, ita ce ma ƙasar da kotu ta umarci Yahoo a shekarar 2000 da ya toshe wa Faransawa gwanjon kayan Nazi, kuma a 2001 eBay ya hana sayar da su a dandalinsa. Amurka ce kasuwar take a buɗe, can ne aka sayar da agogon da aka ce na Hitila ne kan Dala miliyan 1.1 a 2022.

Wani abu da ba ka tambaya ba: hotunan nan na wane ne? In daga gidan da kuka share suka fito, sai ka duba yarjejeniyar da kamfaninku ya yi da magada. Wani lokaci kayan sun zama na kamfani, wani lokaci magada sun ce a ware musu takardu da hotunan iyali. Ko ta wace hanya, ba lalle ba ne su zama na ma'aikacin da ya sa su a aljihu. Kada ka je neman tarihi ka sayo rigimar kayan wani.

Ɗalibi a Lyon:

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni dai ina bayan uwargida.

Ka ce abin da ke burge ka shi ne hannun mutumin ya taɓa takardar. To ai don wannan jin aka yi katin tun asali. Ba takardar aiki ba ce da ta kuɓuta daga ofis. Hoto ne da aka zaɓi haskensa da tsayuwarsa, aka buga, aka sa wa hannu don yaro ɗan shekara 15 ya kafa a saman gadonsa ya ji shugaba ya san da zamansa. Shi Hitila ma a firam na azurfa yake ba manyan baƙi nasa, a matsayin babbar karramawa. Bayan shekara 80 kai ma ka riƙe katin ka ji wani abu ya tsarga maka, ka ga har yanzu yana aikin da aka yi shi dominsa. Me za ka koya daga gare shi wanda ba ka sani ba? Cewa Goebbels ya iya rubuta sunansa?

Shi Schirach da kake shirin biya wa kuɗi, bayan shugabancin matasan Hitila shi aka ba mulkin birnin Vienna a 1940, a ƙarƙashinsa aka kwashe dubun-dubatar Yahudawan birnin zuwa gabas inda aka hallaka mafi yawansu, kuma a 1942 ya tsaya a bainar jama'a ya kira wannan gudummawa ga al'adun Turai. A kan haka kotun Nuremberg ta ɗaure shi. Goebbels kuwa, a ƙarshen Mayun 1940 ma'aikatarsa ta sa jaridu su taso sojojin Afirka da ke cikin rundunar Faransa a gaba, ana nuna su kamar namun daji. Cikin makonnin da suka biyo baya sojojin Jamus suka riƙa ware baƙaƙen fursunoni daga farare suna harbewa, masana sun ƙiyasta tsakanin 1,500 da 3,000. Nan arewa da Lyon akwai ƙauyen Chasselay, inda aka yi ɗaya daga cikin kashe-kashen a ranakun 19 da 20 ga Yuni. Maƙabartar tana nan, jar katanga irin ginin ƙasa na Afirka ta Yamma, kabari kusan 200, da yawa an rubuta ba a san sunan mai shi ba. Tun kafin nan, a 1937, an yi wa ɗaruruwan yaran yankin Rhine da iyayensu maza sojojin Afirka ne aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya.

Ban ce duk mai tara kayan zamanin mugu ne ba, kuma Chasselay ɗin ce hujjata. Shekaru da yawa ana jingina kisan ga wata runduna ta SS. Sai a 2019 wasu hotuna 8 suka ɓulla daga kundin wani sojan Jamus da ya faɗa hannun wani mai tara tsofaffin hotuna. An ga fursunonin a fili hannuwa sama, an ga tankokin, kuma daga alamar da ke jikin tankokin aka gane rundunar sojan ƙasa ce ta yau da kullum ta yi aikin. Hotunan nan ba sa hannun kowa a kansu, wanda ya ɗauka ma ba wani sananne ba ne, amma sun gyara abin da littattafai suka daɗe suna faɗa. Irin wannan tarawar ina cire mata hula.

Kuɗin kuma ina suke zuwa? Ba ka san wanda ke tsaye a bayanka a layin saye ba, kuma duk Yuro da ka biya yana ɗaga farashin da shi zai sayar gobe. A Nuwamban 2019 da aka yi gwanjon kayan Hitila a Munich, wani attajiri ɗan asalin Labanan mazaunin Siwizalan, Abdallah Chatila, ya kashe kusan Yuro 600,000 ya saye da yawa daga ciki, har da doguwar hular Hitila, don kada su faɗa hannun masu ɗaukaka shi, ya miƙa su aka kai Yad Vashem, cibiyar tunawa da kisan Yahudawa da ke Isra'ila. An yaba masa, ni ma na yaba. Amma gidan gwanjon ya karɓi kuɗinsa cas, kuma duk mai irin kayan a ɗakin ƙasa ya ji labarin farashin.

Mai Kwasar Kaya:

Na gode muku duka. Baba, na bi abin da ka ce, ya bar mini su na kwana da su, a mota dai, saboda dokar gida.

Na Goebbels bugu ne. Da na karkata shi a taga ba abin da ya tashi, sumul yake, kuma na samu irinsa a shafin wani dillali, har 'yar wutsiyar harafin ƙarshe iri ɗaya. Da na nuna wa mutumina sai ya ce ai shi bai taɓa cewa da hannu aka sa ba. Na Speer ya yi walƙiya a fitila, wanda ya dace da abin da ka faɗa tunda hoton tsufansa ne. Na Schirach ne ya tsaya mini a rai. Bai yi walƙiya ba, tawadar tana saman hoton, ta ɗan koɗe zuwa toka-toka, kuma a wuri guda bakin alƙalami ya karce sheƙin. Na kai wa wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta karanta mini layi biyun. Ta sa tabarau, ta karanta, ta miƙo mini da yatsu biyu kamar ta ɗauki mataccen ɓera. Sadaukarwa ce ga wani yaro, da sunansa, wai don amincinsa ga aiki, da shekarar 1936.

Ƙanena na Lyon, maganarka ta shige ni, amma ban yarda da ita duka ba. Kai da bakinka ka ce an yi katin don yaro ya kafa a saman gado. To ga yaron, ga sunansa, ga shekarar. Wannan ba shaida ba ce ta yadda aka farauci zukatan yara? In kowa ya ƙi taɓawa, a bola za su ƙare, ko a hannun mutanen da kake tsoro. Ni da nake zuba irin waɗannan a motar shara da hannuna na san yawan abin da ke tafiya.

Maman Ikram, na tambaya. Maigidanmu ya ce a wancan aikin magada sun sa hannu sun bar komai, kuma ya ba ma'aikata izinin ɗaukar abin da suke so. Af, kwalin da hoton ya fito ma yana nan a garejin mutumina. Cike yake da wasiƙu masu hatimin gidan wayar soja, duk da sunan dangin yaron nan, da wani ɗan littafi mai bangon toka da hoton saurayi a ciki. Ya ce ba mai saye, in ina so in ba shi Yuro 30 in ɗauke masa.

Baba Mai Tsofaffin Littattafai:

Ɗana, ka bar maganar 900, ka je ka ɗauko kwalin nan yau kafin damshin gareji ya gama da shi.

Kai da ɗalibin nan ba ku yi nisa da juna ba kamar yadda kuke zato. Hoton Schirach shi kaɗai, an raba shi da kwalinsa, kayan ado ne na masu sha'awar manya. A cikin kwalin kuwa shafi ɗaya ne na rayuwar mutum: an ba shi a 1936 yana yaro, ga wasiƙunsa daga fagen daga, ga littafinsa na soja da zai nuna rundunar da ya shiga da inda aka kai shi. Babbar ɓarnar da dillalai ke yi ita ce wannan rabawar, su zare mai tsada su watsar da sauran, kuma na ga ana yi a gabana ba sau ɗaya ba. Tunda na Goebbels ya faɗi, ka ce masa ya haɗa maka na Schirach da kwalin ya faɗi kuɗi na hankali. Ka kuma sani gwaje-gwajen da ka yi sun nuna tawada ce a kan tsohuwar takarda, ba su nuna hannun wa ya riƙe alƙalamin ba. Abin da ya fi ƙarfafa shi shi ne sunan da ke kansa ya dace da na wasiƙun, domin ɗan jabu ba ya wahalar da kansa ya rubuta kwali guda na wasiƙu don kati ɗaya.

Na Speer ka bar masa. Mutumin ya tsira daga igiya a Nuremberg ne da cewa bai san ana kisan ƙare dangi ba, ya kuma shafe sauran rayuwarsa yana sayar da wannan labari, hotunan da yake sa wa hannu ma cikin tallan suke. Takardarsa da ta yi amfani ita ce wasiƙar da ya rubuta wa wata mata 'yar Beljiyam a 1971, wadda ta fito a gwanjo a Landan a 2007, inda ya amsa cewa yana wurin a birnin Posen ranar 6 ga Oktoban 1943 lokacin da Himmler, shugaban SS, ya faɗa wa manyan jam'iyya cewa za a kashe Yahudawa duka.

In fuskokinsu kawai kake son gani, ma'adanar tarayya da ke Koblenz ta zuba dubban hotuna a intanet, babban ɗakin karatu na jihar Bavaria kuma yana riƙe da kaso mai yawa na hotunan Hoffmann, ba sai ka biya kowa ba.

Game da wasiƙun, kada ka raba kowace da ambulan ɗinta. Lambar gidan wayar soja mai alƙaluma biyar da ke jiki ita ce ke nuna rundunar, hatimin kuma shi ne kwanan wata. Kada ka sa salatif, kada ka goge komai, ka cire ƙusoshin takarda da suka yi tsatsa a hankali, ka jera su yadda ka same su. Rubutun da ya gagare ka shi ne wanda aka daina koyarwa a makarantu tun 1941, akwai ƙungiyoyin tsofaffi 'yan sa-kai da ke karanta wa mutane shi, ɗaya tana Hamburg, akwai kuma manhajar Transkribus da ke taimakawa in rubutun bai cika karkacewa ba. Sannan ka kira ma'adanar takardu ta garin da gidan yake, ka gaya musu abin da ke hannunka. Sukan karɓi irin wannan in kwali ne cikakke mai suna da asali, wani lokaci su ɗauki hotonsa su mayar maka. Kafin ka sa sunan yaron a ko'ina kuma ka tambayi Maman Ikram, tunda 'ya'yansa ko jikokinsa suna raye.